Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Maikirowef

Ranki ya daɗe,

Ina jin zagin da kike sha a gidaje da ofisoshi, wai da an kunna ki don ɗumama shinkafar jiya sai Wi-Fi ya koma rarrafe, hoton mai magana ya daskare da baki a buɗe. To ni na zo in tsaya miki.

Masu zagin ba su san gidan naki ne ba. Tun 1947, a taron ƙungiyar sadarwa ta duniya a Atlantic City, aka ware zangon da ke kewaye da megahaz 2450 ga na'urorin masana'antu da na kimiyya da na asibiti, har da irinku masu dafa abu da igiyar rediyo. An killace ku can ne don kada hayaniyarku ta dami kowa. Sai a 1985 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta ce mai son zama ya shiga ba lasisi, amma ya rage murya, kuma duk abin da ya same shi kada ya kawo ƙara. Wa zai ƙi gidan da ba kuɗin haya?

Wi-Fi ya tare, Bluetooth ya biyo shi, sai kyamarar tsaro, linzamin kwamfuta, agogon hannu, yau har ƙwan fitila. Shi Wi-Fi tashoshi 13 gare shi a yawancin ƙasashe, amma sun cushe, waɗanda aka san ba sa taka juna su ne 1 da 6 da 11. Ga shi rauta akwai ladabi: sai ta saurara, in ta ji wata na magana a tasharta ta dakata. A bene mai rautoci barkatai, kowace jiran maƙwabciya take, ba mai cewa uffan cikin sauri. Bluetooth kuwa ba ya zama, tsalle 1600 yake yi a daƙiƙa ɗaya tsakanin tashoshi 79. Yawancin cunkoson nasu ne, su ya su, amma da yake ke ce mai ƙugi a kicin, ke ake gani.

Gaskiya dai, Hajiya, ba a ce ba ki da laifi ba. Wat kusan dubu kike murzawa cikin akwatin ƙarfe, rauta ko ɗaya ba ta kai ba, ɗan abin da ke yoyo ta ƙofarki ya isa ya shaƙe ta.

Masu hali sun ƙaura zuwa gigahaz 5, inda akwai sarari, sai dai bango na cinye sigina, kuma in na'urar hasashen yanayi ta yi tari dole a bar mata tashar. A 2020 Amurka ta buɗe gigahaz 6 ma. Tsofaffin wayoyi da kayan araha kuwa suna nan tare da ke.

Alfarma ɗaya nake nema: in ana kallon ƙwallo ta intanet, ki bari a tafi hutun rabin lokaci.

Naki,
Wani maƙwabci a tasha ta 6