Babbar Riga a Taron 'Yan Gem na Jamus

Duk watan Agusta, birnin Kolon na ƙasar Jamus yakan cika ya batse saboda Gamescom, baje kolin wasannin bidiyo da ake lissafawa cikin mafi girma a duniya. Da aka fara shi a 2009, bayan an baro irinsa da ake yi a Laifzig, mutum 245,000 ne suka halarta. Zuwa 2019 sun kai 373,000. Korona ta mayar da shi intanet shekara biyu, amma ana ɗage takunkumi jama'a suka dawo da ƙishirwarsu. A 2024 an ƙirga mutum 335,000, kuma a cikin wannan lissafi akwai wani bawan Allah Bakano sanye da babbar riga, wato ni.

Ɗan ƙanena ne ya ja ni. Yana karatun injiniya a can, na je duba shi, sai ya ce ya saya mana tikitin ranar Asabar. Bai gaya mini cewa Asabar ce ranar da duk wanda ke da ƙafa yake zuwa ba. Da safe ya gan ni na ɗauko shaddata mai aiki da hula zanna, ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, da dai ka sa ƙananan kaya." Na ce, "Kai yaro, taron duniya ka ce za mu. A gidanmu ba a zuwa taro da singileti."

Tun daga tashar jirgin ƙasa ta Deutz, wadda ke tsallaken kogin Rhine daura da babbar majami'ar Kolon, na daina tafiya da ƙafata. Jama'a ce ke tafiya da ni. Na san Kantin Kwari ana jajiberin sallah, to a ɗauko wannan a rufe shi da rufi, a kunna kiɗa daga kowace kusurwa, a ba wa rabin mutanen takobin roba. Yaron yana ta yi mini ihu a kunne wai bana ma da sauƙi, tunda Nintendo da Sony ba su kafa rumfa ba. Na ce to Allah ya saka musu da alheri.

Muna shiga wani ƙato ya sha gabana, fuskarsa shafe da koren fenti, ga ƙaho biyu a ka, ga gatari a kafaɗa. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai ƙaton nan ya rusuna, ya taɓa aikin wuyan rigata, ya yi wata tambaya cikin ladabi. Yaron ya riƙe ciki yana dariya. "Baffa, tambaya yake daga wane gem ka fito." Ashe al'adarsu ce mutum ya kwashe watanni yana ɗinka shigar jarumin wasan da yake so, ya zo ya nuna. Su a ganinsu ni ma haka na yi, kuma na yi ƙoƙari. Wata yarinya mai fukafukai ta tambaya ko da hannuna na yi aikin zaren. Kafin in bayyana mata cewa telana yana Fagge, mutane sun yi layi don ɗaukar hoto da ni. Bajamushe dai in ya ga mutum biyu a tsaye, shi ne na uku.

Fukafukan yarinyar nan su suka raba ni da ɗana. Akwai wata doguwar hanya a tsakiya da ta haɗa manyan ɗakunan baje kolin, kuma in ta cika ba a juyawa a cikinta. Hannun rigata ya maƙale a wayar da ta ɗaure fiffikenta, ita ta yi gaba, ni na bi ta dole, don shaddar ba ta arha ba ce. Da muka kwance na waiga, babu yaro babu alamarsa. Na danna waya, sabis ya ce shi ma yana layi.

Na ce tunda an zo, bari a ga abin da ya tara mutane. Na hango wata rumfa da aka kewaye da baƙin bango, layi ya naɗe ta ya sake naɗewa. A nan na gane sirrin wurin. Kamfanoni suna kawo wasannin da ba su fito kasuwa ba, a ba mutum 'yan mintoci ya taɓa, kujerun gwaji kaɗan, masu so dubbai. Har alluna ake kafawa a gefen layi masu nuna awa nawa ya rage daga inda kake tsaye. Na gabana ya zaro wata 'yar kujera mai naɗewa daga jaka, ya zauna, ya ɗauko burodi da gorar ruwa. Na bayana ya shimfiɗa riga a ƙasa, shi da abokansa suna karta. Mutanen da suka zo ganin wasan zamani, ga su suna buga na kakanni don kashe lokaci. Ni ko sai sauya ƙafa nake, gumi yana bin bayana, sitacin shadda ya riga ya sallama.

Da ƙyar na isa bakin ƙofa. Mai tsaron ya kalli wuyan hannuna, ya girgiza kai. Dokar Jamus ta kare yara ta raba wasanni bisa shekaru, don haka a taron ana ɗaura wa mutum zare a hannu: kore na ɗan 12, shuɗi na ɗan 16, ja na ɗan 18. Wasan da ke ciki na masu ja ne. Na kama gemuna mai furfura na nuna masa. Ya yi murmushi, ya ɗaga babban yatsa, alamar gemun ya yi kyau ƙwarai, kamar na gaske. Na ja shi da ƙarfi don ya ga ba manna shi aka yi ba. Ya ƙara yabawa, ya nuna mini wani layin can nesa inda ake karɓar zaren da katin shaida. Fasfona kuwa yana cikin jakar yaron.

Yunwa da gajiya suka kai ni wani sashe mai sauƙin hayaniya, inda aka jera tsofaffin na'urori da talabijin masu ƙaton ƙeya. Ga kujera babu kowa. Na zauna, na ɗauki abin dannawa, sai ga Super Mario yana tsalle, irin wanda muke biyan kuɗi mu buga a shagon gem na unguwa muna samari. Na keto hamada da teku, na sha matsa, na ƙare a kan abin da na bari a gida tun zamanin soja. Kuma wallahi na ji daɗinsa.

A nan yaron ya same ni, yana haki. Na ce ta yaya? Ya ce, "Baffa, ai ba wuya. Duk wanda na tambaya ko ya ga wani dattijo da shigar sarkin matsafa, sai ya buɗe waya ya nuna mini hotonka." Har wani ya ba shi shawara wai in shiga gasar masu shiga, zan iya cin kyauta.

A hanyar komawa na yi ta lissafi. Taro ya yi albarka har albarkar ta fi ƙarfin ƙofofinsa. Mutum ya biya kuɗin jirgi da na masauki, ya yini a tsaye, ya taɓa wasa na minti kaɗan, alhali tallan wasan yana intanet tun daren buɗe taro. Amma ban ga mai fushi ba. Su cunkoson ma suke zuwa nema, kowa ya ga ashe ba shi kaɗai ne mahaukacin ba. A 2025 ma mutum 357,000 aka ƙirga.

Don haka, ɗan'uwa, in Allah ya kai ka Kolon a watan Agusta, ka guji Asabar, ka riƙe fasfonka a aljihunka, ka nemi jan zare tun daga ƙofa, ka tafi da 'yar kujera. Babbar riga kuma ka adana ta sai ranar Juma'a.