Iyo na kuɗi da iyo na tsumagiya

Ƙanena da ke aiki a Yamai ya sa ɗansa mai shekara 5 koyon iyo a wani otal, yana biyan malami duk wata. Kafin yaron ya jiƙa ƙafa, hotonsa ya gama zagaye WhatsApp ɗin dangi: ga tabarau na roba, ga hula, ga balan-balan a kowane damtse, sai ka ce za shi ƙetare kogi ta ƙarƙashin gadar Kennedy. Uban, wanda ko a bahon wanka bai taɓa iyo ba, yana tsaye bakin ruwa da babbar riga yana ta ba da umarni: «Ɗaga kai! Rufe baki!» Malami kuwa yana lallashin yaro ya sa fuska a ruwa.

Mu 'yan Filinge a cikin Dallol Bosso muke zaune, kwarin da a can da kogi ne mai gangarowa daga Azawak. Ruwan ya tafi tun kafin kakannin kakanninmu, ya bar mana rairayi da rijiyoyi. Mun makara da dubban shekaru ke nan.

Amma in tabki ya cika a watan Agusta, makarantar iyo takan buɗe. Malaminka yaron da ya girme ka da shekara biyu, darasin farko kuma tunkuɗawa. Ka sha ruwan da shanu suka gama da shi, ka yi ta fafutuka irin ta kare har ka kamo gaɓa. Kuɗin makaranta a gida ake biya. Inna ba ta tambaya. Hannunka za ta kama ta karta da farce. In layi ya fito fari, ga ido jajir, sai tsumagiya. Masu ƙwazo har takardar shaida suke samu: fitsarin jini.

Wannan Innar ce yanzu ke bin mata a kasuwar Lahadi da waya: «Ku ga jikana cikin ruwan Nasara!»

Bana ƙanena da ɗansa suka zo hutu. Yaro ya tsaya bakin tabki ya ce, «Baba, wa ya ɓata ruwan?» Bai rufe baki ba ɗan wana ya tunkuɗa shi. Ya fito dai, yana tari, ba tabarau ba balan-balan.

Da yamma Inna ta kama hannunsa ta karta. Layi ya fito fari tas. Ta dubi tsumagiya, ta dubi uban, ta ce, «Wannan ai karatu ya je.» Ɗan wana ne ya sha duka.