Minti Biyar Daga Bakin Titi

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Gida ne a Kano, a unguwar da 'yata za ta iya takawa da ƙafarta ta je makarantar kirki ta dawo, ni in ji kiran salla in isa masallaci kafin a tayar, uwargida kuma in gishiri ya ƙare ta aiki yaro ba sai an haɗa masa da kuɗin adaidaita ba. Da can wannan buri ne na jin daɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 ya zama dole, domin kai yara uku boko da safe, ɗauko su da rana, sannan Islamiyya da yamma, ya kusa kamo kuɗin makarantar kansa. Da na fara yawon nan yarinyar tana da shekara bakwai. Gida dai har yau ban samu ba, amma na samu mutane.

Na farkonsu, kuma wanda ya fi kowa cin takalmina, shi ne dillali. Kun san shi. Babur ɗan tsoho, hula a ture, waya biyu, da tarin mukullai a aljihu waɗanda babu ko ɗaya da ke buɗe gidan da za a duba. Shi ya fara naɗa ni Alhaji tun ban san hanyar filin jirgi ba, kuma na lura cewa duk lokacin da ya ƙara da "ranka ya daɗe" to kuɗin gidan ya ƙaru.

"Alhaji, na samo maka. Minti biyar ne daga bakin titi."

Ban taɓa tambayarsa wane titi ba, laifina ke nan. Ranar farko muka hau hanyar Gwarzo, muka wuce Kabuga, muka wuce Rijiyar Zaki, muka ga ƙofar sabuwar Jami'ar Bayero, sannan ya kaɗa kan babur muka bar kwalta. Gidaje suka koma kangaye, kangaye suka koma fulotai masu tubali huɗu a kusurwa, fulotai suka koma gonar gero. Duk sanda na taɓa kafaɗarsa sai ya ce, "Saura ƙiris." Mintinsa biyar a kan babur ake ƙirga su, da rani, ba birki, kuma ba a lissafa inda aka sauka aka tura.

Da muka isa na tambayi makaranta. Ya miƙa hannu wajen wata bishiyar mangwaro ya ce, "Ga ta can, an riga an ware mata fili." Titi fa? An bayar da kwangila. Wuta? Ya nuna mini turaku uku a tsaye, ba waya a kansu, tsuntsaye ma sun rasa inda za su sauka. Ruwa kuwa ya rantse ƙasar tana da shi, ba sai an yi haƙa mai nisa ba. A nan kam bai yi ƙarya ba. Wani mai kiwo da ke wucewa ya gaya mini cewa wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara, kuma duk watan Agusta ruwan yana dawowa ya duba gidansa, har falo yake shiga ba sallama. Shi ya sa ba ka samun dillali a Agusta. Da zarar damina ta kankama sai a ce ya tafi ƙauye ta'aziyya, sai an fara girbi zai dawo.

Ba ya tafiya shi kaɗai. Shi ya san wanda ya san gidan, wancan ya san mai mukulli, mai mukulli ya san ƙanin mai gidan. Kafin a buɗe ƙofa mutum shida sun jeru a kan dakali, kowa ya gaishe ka da fara'ar wanda ya riga ya raba la'adarsa a zuci. In ka nuna alamar tunani, sai ya ja ka gefe ya rage murya: "Gaskiya Alhaji, wani Alhaji daga Abuja ya taya jiya, gobe zai turo kuɗi. Don dai kai ne." Wannan Alhajin na Abuja ya bi ni Hotoro, ya bi ni Na'ibawa, ya riga ni zuwa Jaba da Mariri. Kullum yana tayawa, bai taɓa saye ba. Ina son in gan shi wata rana mu gaisa, domin da alama ciwonmu ɗaya.

Duk da haka ba na iya fushi da dillalina. Ranar sunan ɗan autana shi ya fara zuwa, ya ci waina, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya dubi jaririn ya ce yanzu kam gidan haya ya yi mana kaɗan.

Sai Kawu. Shi a cikin ganuwa aka haife shi, kuma a wurinsa duk abin da ya wuce ƙofar gari daji ne. Na ce masa ina duba Rijiyar Zaki, ya ce, "Kai yaro, ka taɓa tambayar kanka me ya sa aka sa mata wannan suna?" Abin haushin shi ne a kan maganar tafiyar ƙafa ya fi kowa gaskiya. Daga zaurensa yana zuwa Kasuwar Kurmi a ƙasa, masallaci yana jikin katangarsa, makarantar allo da firamare duk a lungu ɗaya, kuma yaro ba ya ɓata domin kowace tsohuwa ta san ɗan gidan wane ne. Sai ya samo mini gida kusa da shi, gidan gado. Magada ashirin da uku, biyu ba sa ga maciji da juna, ɗaya yana Saudiyya tun shekarun baya ba a san lambarsa ba. Na ce, "Kawu, ai mota ba za ta shiga lungun nan ba." Ya dube ni kamar na yi saɓo ya ce, "Makara tana fita. Me kuma kake nema?"

Abokin aikina kuwa ya koma ɗaya daga cikin rukunin gidajen nan na bayan gari, irin su Kwankwasiyya da Amana da aka gina a kan hanyar Zariya, kuma tun daga ranar ya zama mai wa'azi. Iska, shiru, titi shimfiɗe, ba mai leƙa maka tukunya. Na kai masa ziyara, shayi ya zo babu sukari, ya ɗauki mukullin mota.

Akwai ƙawar uwargida, wadda ta haddace makarantun kuɗin garin nan kamar karatun sallah. Tana auna makaranta da launin yunifom, da motar ɗaukar yara, da girman walimar da ake yi wa 'yan shekara biyar ranar da suka gama nazare, har da rigar digiri da hula mai tunku. Tana zaune a Sharaɗa, 'ya'yanta suna karatu a Bompai, wato kullum sai sun tsaga garin gida biyu. Ƙarfe shida suke fita, a mota suke karyawa, a mota suke ƙarasa barci, a mota suke aikin gida. Da na ce ina son makarantar da za a je a ƙafa, sai ta juya wajen matata ta ce, "Ke dai kina haƙuri." Har yau ban gama biyan bashin wannan magana ba.

Shi kuma mai makaranta ya ji ana neman makaranta kusa, sai ya kawo ta kusa ƙwarai. Gida ne mai ɗaki uku da falo, an rataya masa allo wanda ya fi ƙofar faɗi, da suna mai kalma shida, ta tsakiya "intanashinal". Kicin shi ne aji uku. Filin wasa shi ne inda yake ajiye motarsa, in ya fita unguwa yara su samu. Ya ce suna koyar da Turanci da Larabci da haddar Alƙur'ani da kwamfuta, ya yaye wani ƙyalle ya nuna mini kwamfutar, guda ɗaya, a kashe. Na tambayi malamar aji biyu tun yaushe take nan, ta ce tun Litinin.

Mai ba da tsoro yana kowace majalisa. Ambaci unguwa, zai ba ka labarin ƙwacen waya, ko 'yan daba, ko gidan da aljanu ke jifa da dare, duk da "an ce" a gaba. A bakinsa ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano babu inda ɗan Adam zai kwana. Kishiyarsa shi ne mai hangen nesa, wanda ke cewa, "Sayi a daji, gari zai zo ya same ka." Gari yana zuwa kam, mun ga yadda ya haɗiye Ɗorayi da Ɗanbare. Sai dai kafin ya iso, yarinyar da ake nema wa firamare ta kai aure.

Duk waɗannan ina ba da labarinsu ina dariya. Akwai ɗaya da ba ya ba ni dariya.

Bara na samu unguwar da ta kwanta mini. Firamare mai katanga da bishiyoyi, Islamiyya a bayanta, masallaci, kemis, mai kayan miya, mai shayi, duk a zagaye ɗaya. Na ce bari in bi hanyar da yarinya za ta bi, a lokacin da za ta bi ta. Na je bakwai da rabi na safe. A tsakiyar layin akwai wani bawan Allah da ya ga hanyar jama'a ta yi masa faɗi. Ya turo katangarsa gaba, ya zuba siminti a kan lambatu don motarsa ta hau ba gargada, ya toshe shi ruf, ya kafa shaguna biyu a abin da ya rage, sannan ya saki ruwan wankan gidansa a kan titi. Wurin da ya saura ba ya ɗaukar adaidaita da mutum a lokaci guda. Na tsaya ina kallon yara suna zuwa, su tsaya, su leƙa, su ruga. Wata 'yar ƙarama mai farin hijabi ta manne da bango tana riƙe da hannun ƙaninta, tifar yashi ta wuce ta watsa musu baƙin ruwa tun daga ƙafa har ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Ta duba hijabin, ta juya gida da yaron.

Na jira mai gidan ya fito, na yi masa sallama, na faɗa masa abin da na gani cikin ladabi. Ya ce, "Malam, ƙofar gidana ce." Ya shiga mota da 'ya'yansa, aka ɗage gilashi. Maƙwabta suka ce sahun farko ba ya wuce shi a masallaci, kuma mai unguwa ya yi magana har ya gaji. Irinsa ne ke yanka fili da awon igiya su bar hanyar da kurar mai ruwa ma sai ta karkata, irinsa ne ke ganin filin wasan makaranta su hango shaguna. Dillali ƙarya yake yi maka a kan nisa, ka je ka gani da idonka ka dawo. Wannan kuwa makaranta tana kusa, shi ya mayar da ita nesa ga 'ya'yan mutane ɗari, kuma barcinsa yake yi. Ban sayi gidan ba, kuma ban yafe masa hijabin nan ba.

Saura mutum ɗaya, wanda dillalan Kano suka fi tsoro. Yana zuwa da ɗan littafi a aljihu. Yana ƙirga taku daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, sannan ya ninka saboda ƙafar yaro gajera ce. Yana tsayar da 'yan ga-ruwa ya tambayi kuɗin jarka, yana duba gindin katanga ko akwai shatin ambaliya, yana dawowa ƙarfe goma na dare ya saurara ko akwai gidan biki a kusa. Ya ƙi wani gida saboda injin markaɗe, ya ƙi wani saboda maƙwabci yana kiwon agwagi, ya ƙi na uku saboda ladanin unguwar ba shi da murya. Wanda ya raina a shekarar farko ya koma nema a ta uku, ya tarar kuɗinsa ya ninka. Hausawa suna kiran wannan ruwan ido. Matarsa kuwa ta daina kiran abin da kowane suna, in ya ɗauki littafin sai ta ce, "Malam, a dawo lafiya, a taho mana da tumatir." Ba zan faɗi sunansa ba, amma littafin yana aljihuna yanzu haka.

Makon jiya ina zaune a ƙofar gidan da nake haya sai ga dillalina a kan babur, da wani mai babbar riga a bayansa. Na miƙe ina murna, na ɗauka ya samo mini wani. Ashe mai gidanmu ne ya sa gidan a kasuwa. Ina tsaye ya shiga yi wa baƙon bayani: ga makaranta can yara suna zuwa a ƙasa, ga masallaci, ga kasuwar yamma, ruwa ba ya kwanciya, kuma minti biyar ne daga bakin titi. Na lissafa a zuci, na ga tun da na san shi yau ce rana ta farko da kowace kalma tasa gaskiya ce. Na tambayi baƙon daga ina, ya ce daga Abuja.

Ya biya. An ba ni wata uku in tashi, don haka duk wanda ya san gida a unguwar da yaro zai iya zuwa makaranta da ƙafarsa, don Allah ya taka da kansa ya duba agogo kafin ya kira ni.