Yadda Sifiri Ya Kayar da Injiniya

Sunan Injiniya ba makaranta ce ta ba ni ba, Kawu ne. Yana da shagon kwamfutoci inda ɗalibai ke yin rajistar jarrabawa, ni kuma na ɗora wa wata tsohuwar kwamfutarsa Ubuntu, na mai da ita saba. Kati biyu na sa mata: ɗaya ya karɓo intanet daga waje, ɗaya ya raba wa na cikin shago. Aikinta dai na zaure ne, mai shiga da mai fita duk ta nan za su bi. Tun daga ranar sukudireba ba ta barin aljihuna, ko ɗaurin aure za ni.

Rannan aka ɗauke wuta, kafin a ta da janareto saba ta mutu. Da ta tashi, kwamfutocin shago suka ce ba su san zancen intanet ba. Kawu ya aiko a kira ni.

Na zauna ina ƙas-ƙas-ƙas da ƙarfi don jama'a su san aiki ake yi. Na buga ping zuwa 8.8.8.8 daga saba, amsa ta dawo garau. Daga sauran kwamfutocin kuwa shiru, alhali suna ganin sabar a 192.168.1.1. Mai hankali a nan zai gane inda gizo ke saƙa. Ni sai na kira masu ba mu intanet na wanke su tas, na yanke kawunan wayoyi lafiyayyu na sake matsewa, na zare kati na hure shi da baki har na shaƙi ƙurar shekara goma.

"Injiniya, ko a kira mai gyara ne?" in ji Kawu. A gaban mutane fa!

Sai Sani, yaron da ke fotokwafi, ya leƙo ta bayana. "Yaya, ka duba ip_forward?" Na ce masa ya koma wajen takardunsa. Da ya juya baya na duba a ɓoye. Sifiri. A Linux, lambar nan ce izinin wucewa: in tana 1, saba na miƙa saƙo daga wannan kati zuwa wancan, in tana 0, komai a ƙofa zai tsaya. Ranar da na haɗa, da hannu na sa 1, ba a rubuce take cikin sysctl.conf ba, don haka wuta na ɗaukewa ta koma gidan jiya. Dokar iptables mai fitar da duk kwamfutocin da adireshi ɗaya ita ma ta bi ta.

Layi biyu na rubuta, shago ya kaure da kabbara. Na share gumi na ce wa Kawu matsalar mai zurfi ce. Ya ba ni kuɗin mai, rabin na danƙa wa Sani a bayan shago don ya riƙe bakinsa. Bai riƙe ba.