Mutanen Dare a Bakin Rijiya

Duk wanda Allah ya ƙaddara masa kwana tare da ma'aikatan talabijin a Daura, musamman idan sun zo ɗaukar tarihin Bayajida a tsakiyar hunturu, sa'ad da iskar da ke kwararowa daga wajen Kwangwalam take ratsa bargo har ƙashi, lalle zai ga ɗabi'un 'yan Adam waɗanda hasken rana ya saba rufa wa asiri.

Shugabansu darakta, wanda ya yanke hukunci cewa tun da yake da dare Bayajida ya kashe macijin nan mai suna Sarki, mai hana talakawan Sarauniya Daurama ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, wajibi ne shi ma ya ɗauka da dare. Kuma da yake rijiyar Kusugu ta ainihi tana cikin gini yanzu, sai a kwashi jama'a a kai su wata rijiya a bayan gari. Bayajida dai ya sare kan macijinsa ya tafi ya kwanta, alhali darakta tun bayan lisha yake ta "A sake!", har sulusin dare na ƙarshe macijin roba bai mutu ba.

Mai sauti kuwa bawan Allah ne mai waswasi, wanda a mazhabarsa abubuwan da ke warware ɗauka sun fi masu warware alwala yawa: kukan jaki, haushin kare, tarin mai gadi, babur ɗin da ya gifta a can hanyar Katsina. Babban abokin gabarsa mai janareta, wanda ba ya ko ɗaga kai, domin ya san da zarar ya ce mai ya ƙare, darakta da fitilunsa sun zama labari.

Jarumi ba ya buƙatar dogon sharhi. Ya sha rawani da hoda, ya zare takobi da agogo a hannu.

Wanda ya fi burge ni shi ne dattijon unguwa, wanda ba a gayyace shi ba, amma ya zo da buzunsa ya zauna dab da kyamara, yana da hujjar cewa bai taɓa rasa hawan Sallar Gani ba tun da aka naɗa Sarki Muhammadu Bashar a 1966. Da an ce a yi shiru sai ya gyara murya: "Yaro, ba haka aka yi ba." Darakta ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mana afuwa," Baba ya yi afuwa, ya kuma ci gaba da gyara.

Idan ladan ya yi kiran assalatu, mai shayi yakan zo da lissafin bashin madara da burodi yana cigiyar furodusa, wanda ya tafi neman canji tun ƙarfe goma sha ɗaya, wayarsa kuma a kashe.