Mun Sayo Mai Kala, Muna Buga Baƙi

Mu faɗa wa juna gaskiya tunda babu baƙo a wurin: ƙaramin ofis ba ya sayen firinta mai kala don aiki ya matsa masa. Ofishin lauya ne, ko makarantar kuɗi mai aji shida, ko masu harkar biza da Umara, ko ƙungiyar unguwa mai shago ɗaya da benci biyu, duk tafiyarmu ɗaya. Wata rana ce wasiƙa za ta iso daga ofishin ƙasan bene, tambarinsu kore shar, sunansu ja wur. Oga ya ɗaga ta sama ya kalla, ya juya bayanta, ya ajiye, ya ce, "Wato su ma sun fara." Shi ke nan magana ta ƙare. Tsohuwar firintarmu mai baƙi da fari, wadda ta yi shekara da shekaru tana bauta ba ta taɓa cewa uffan ba, daga ranar ta zama abin kunya.

Sai a kafa kwamiti, don mu ba ma sayen ko tsintsiya ba kwamiti. Ofis mai mutum biyar, kwamitin mutum huɗu, kuma wadda aka bari a waje ita ce sakatariyar da za ta wuni da na'urar. Kowane ɗan kwamiti yana da ƙane ko ɗan 'yar uwa da ya karanta kwamfuta, kowanne kuma da nasa fatawar. Wannan ya ce in ba HP ba a bar kuɗin a banki, wancan ya rantse Canon ce uwar ɗaki, har a kusa ɓatawa, alhali tun LaserJet ta farko da HP ta fitar a 1984 injin da ke cikinta na Canon ne, kuma haka suka daɗe suna wannan hulɗa. Akawu, wanda shi kaɗai yake jin zafin kuɗin, yakan kawo maganar mai tankin tawada irin ta Epson, ya ce buga kala da ita ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Gaskiya ya faɗa. Amma an taɓa barin wata mai tawada ta kwana biyu ba aiki lokacin hutun Sallah, aka dawo ta bushe tana fitar da layi-layi, kuma ba mu yafe ba. Ita mai lesa garin tona take ci, ba ruwa ba, ko ta yi wata uku a rufe ba abin da zai bushe, rubutunta kuma ba ya zuba in yayyafi ya taɓa takarda. Wannan ce hujja ɗaya tilo mai ƙarfi da aka kawo a zaman, kuma ba ita ta sa muka zaɓe ta ba. Mun zaɓe ta ne don ta fi girma a kan tebur.

Ranar saye kuwa, nan ne muke nuna mu 'ya'yan 'yan kasuwa ne. In a Kano muke sai Titin Beirut, in Abuja sai Banex, mai dogon hannu kuma ya yi waya Ikeja a ɗoro masa a mota. Za mu zauna mu yi ciniki kamar za a sayi gida. "Alhaji, duba mana dai." "Albarka." "Mu fa naka ne, ba yau za mu fara ba." Mu tashi, mu kai bakin ƙofa, a kira mu, mu dawo, a rage dubu biyar, a ƙara mana wayar jona wuta kyauta wadda da ma tana cikin kwalin. Mu fito muna murmushi mun ci kasuwa. A duk tsawon wannan zama babu wanda ya buɗe baki ya tambayi kuɗin tona. Mai shago kuwa ba zai tsokano maganar da ba a yi masa ba, ai ba shi ya kar zomon ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawarsa ce, kuma wannan dokin baki huɗu gare shi: baƙi, rawaya, shuɗi mai haske, da ja mai sirkin shunayya. Da waɗannan huɗun take haɗa duk wani launi da ido zai gani a takarda, kowanne kuma da katirij ɗinsa da farashinsa. A ƙananan firintoci, in ka tara kuɗin huɗun na asali sau da yawa sai ka ga ya kamo kuɗin na'urar kanta, wani lokaci ma ya wuce. Ga shi kaya ne na dala, tun da aka saki naira a 2023 kuwa kowa ya san yadda farashin irin waɗannan ke kwana wuri ɗaya ya tashi a wani. Tonar da ke zuwa cikin sabuwar na'ura ma yawanci ta ɗanɗano ce, shafi 700 zuwa 1,000 ta yi sallama. Shi ma wannan adadin da ake rubutawa a jikin kwali an auna shi ne da shafin da rubutu ya ci kusan kashi 5 cikin 100 na fuskarsa, wato 'yar wasiƙa mai ladabi. Mu kuma ladabi a takarda ba halinmu ba ne. Sai mun sa tambari a sama, tambari a ƙasa, hoton oga a gefe, da wani kore da ya malale bayan rubutun gaba ɗaya.

Akwai kuma 'yan uwanmu masu wayo, waɗanda ba sa sayen sabuwa. Su 'yar Beljiyam suke nema, ƙatuwa, wadda wani banki a Turai ya gaji da ita, a rabin kuɗi. Wasu suna dacewa ƙwarai, ba a musu. Sai dai ba mu duba adadin shafin da ta riga ta buga, ga shi kuwa tana ajiye lissafin a cikinta, danna maɓalli biyu zai fito da shi. Ba mu kuma duba bayanta mu ga wutar da take sha. In daga Amurka ta fito, ta 110 zuwa 120 ce, tamu kuwa 230. Masinja ya jona ta da bisimilla, a ji fat, hayaƙi ya ɗan tashi, kowa ya kalli kowa. Araha ba ta ado, in ji akawu, shi da ya fi kowa zuga a saye ta.

A ce dai ta iso lafiya. Ba za mu cire ledar jikinta ba sai ta yage da kanta, takardun da aka manna mata kuwa suna nan har ta tsufa. Littafin bayaninta a jefa shi durowa tare da rasit. Sannan a zo maganar wuta, wadda kwamiti bai tattauna ba ko da minti ɗaya. Ita mai lesa narkar da garin tona take yi ta manna shi a takarda da zafin da ya kusa digiri 200, don haka lokacin da take ɗumama jikinta tana iya zuƙar wat 1,000 ko kusa da haka a tashi ɗaya. Ƙaramin janaretanmu mai shan fetur gauraye da baƙin mai, wanda fanka biyu da kwamfuta suka riga suka ishe shi, da an danna bugawa sai ya yi tari, ƙwan fitila ya lumshe ido. Daga nan aka samo dokar da kowane ofis ya sani ba tare da an rubuta ta ba: "A kashe fanka, za a yi firintin." Mutum biyar suna zufa don takarda ɗaya ta fito da kala. Masu sola su ma ba su tsira ba, inbata ce za ta fara kuka. Wani kuma ya jona ta a ƙaramin UPS na kwamfuta, abin da masu ƙera su suka hana ƙarara, a cikin littafin nan da ke durowa.

Mun biya kuɗin mai buga gaba da baya da kanta, amma da hannu muke juya takarda. Mun biya kuɗin mai karɓar aiki ta iska daga waya, amma har gobe filashi muke yawo da shi daga tebur zuwa tebur. Kwamfutar an saita ta a girman takardar Amurka, mu kuma A4 muke sayowa rim-rim, sai na'ura ta tsaya tana ƙifta jan ido, mu ce aljanu ne ko kuma mai shago ya cuce mu. Da damina takarda ta sha danshi ta maƙale, da hunturu ƙura ta shige ta. Don tattali kuma mu cusa mata tsohuwar takarda da ƙusar sitefula a jiki, ta karce gangar cikinta, kowane shafi ya riƙa fitowa da zane tun daga sama har ƙasa, a rasa wanda ya aikata.

Ranar da ta fara cewa tona ta yi ƙasa, ba wanda zai yarda da ita. Sai a ciro katirij a girgiza, a mayar, ta ba da shafi ashirin, a ce kun gani, ƙarya take. A sake girgizawa har hannun riga ya yi rawaya. In abin ya ƙi, a kira injiniya. Kowane ofis yana da injiniyansa, mai jaka a kafaɗa da gari a robobi, wanda zai ɗura mata a kashi ɗaya cikin kaɗan na kuɗin ta asali, ya canja ɗan ƙaramin guntun da ke ƙirga shafi a jikin katirij, ya ja mana kunne kada mu kuskura mu bar ta ta sabunta manhajarta ta intanet, don wasu daga nan suke daina karɓar tonar da ba ta gidansu ba. Aikinsa yana ci, Allah ya saka masa. Illa dai koren tambarinmu yakan koma ruwan ganyen da ya kwana, fuskar oga kuma ta fito kamar zazzaɓi ya kama shi.

Wani abu da ya kamata masu rubuta takardar ƙorafi ba sa hannu su ji, kuma mun san muna da su: da yawa daga cikin firintocin lesa masu kala suna yayyafa wasu ɗige-ɗige rawaya a shafi, ƙanana har ido ba ya kama su, masu ɗauke da lambar na'urar, a wasu ma har da rana da lokaci. Wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da na'urori a Amurka, EFF, ta warware na wasu injinan Xerox tun 2005. Mai niyyar kai ƙarar shugaban ƙungiya da sunan "wani mai kishin al'umma" sai ya sake shawara kafin ya yi amfani da ta ofis.

Bayan oga ya ga kuɗin tona sau ɗaya, sai doka ta fito: ba mai buga kala sai da izininsa. A saita ta a baƙi da fari, a ɗora mata ƙyalle, wani ofishin har da kwado a ƙofar ɗakin. Ga mu da na'ura mai launi huɗu muna aikin da tsohuwar take yi, ita kuma tsohuwar tana saman kabad, ba a sayar ba, ba a kyautar ba, wai ko za a buƙace ta. Izinin kuwa yana fitowa ne a manyan lokuta: jadawalin shan ruwa na azumi, aikin makarantar autan oga, da katin ɗaurin auren 'yar Hajiya, kwafi ɗari uku, bango ruwan zinare, furanni ta kowace kusurwa. Ranar ba mai tuna kashi 5 cikin 100. Maƙwabta ma su shigo da nasu, "Yallaɓai, shafi ɗaya ne kawai," kuma wa zai hana maƙwabci shafi ɗaya?

Sai ranar Litinin, ga takardar neman kwangila da za a miƙa kafin azahar, wadda saboda irinta aka ce an sayi na'urar tun farko. A danna, ta ce rawaya ta ƙare, kuma irin tamu ba ta motsawa in ɗaya daga cikin huɗun ya ƙare, ko da baƙi zalla ake so. Injiniya ya tafi ɗaurin aure Zariya. Oga ya zaro filashi da 'yan canji ya miƙa wa masinja: "Maza ka je shagon buga takardu na bakin titi. Shafin farko kawai za a yi da kala, ka ji ko? Sauran baƙi. Kuma ka bi ta baya, kada mutanen ƙasan bene su gan ka."