Bencin Mai Shayin Bobi Ba Abin Rainawa Ba Ne

Landan, Ingila.

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Saƙonka ya iso, kuma na ga ƙorafin da ka cika shi da shi: wai garin Bobi ba zai ci gaba ba sai ranar da aka gina gidan abinci mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, irin waɗanda kake gani a waya, wai mu muna nan muna cin daɗi da cokali mai yatsu kai kuwa an bar ka a kan benci. To, bawan Allah, kai da malmala uku ba ta kai maka ko'ina, wane cokali mai yatsu ne zai iya da kai? Gyara zama ka saurari ubangidanka. Abin da nake so in tabbatar maka shi ne, teburin mai shayi da rumfar mai tuwo da tukubar mai tsire da inuwar mai fura sun fi abin da kake hange daraja, domin ba ciki kaɗai suke cikawa ba, su ne suke riƙe da zumuncin gari.

Fara da teburin mai shayi bayan sallar asuba. Gwangwanayen madara a jere, burodi a gefe, ruwa na tafasa, rediyo na magana, domin tun 1957 da aka buɗe Sashen Hausa na BBC a nan Landan mutanenmu suka saba haɗa labaran duniya da karin kumallo. Dubi waɗanda suke zaune a benci guda: manomi mai shirin tafiya gona, malamin firamare, direban da ya kwana a hanyar Tegina zuwa Kontagora, makiyayi da sandarsa, Bahaushe da Bakambare da Bafulatani, mai haɗin kauri da mai ruwan bunu, kafaɗa na gugar kafaɗa. A nan ake jin kuɗin buhun taki, da yadda shanu suka yi a kasuwar Mariga, da wanda aka yi wa haihuwa, da wanda aka kwantar a asibiti a Kontagora, da lokacin jana'iza. Mai neman 'yan ƙwadago a nan yake samunsu, mai neman aiki a nan yake jin inda ake nema. Babu wanda zai kai loma baki bai ce wa na kusa da shi bismilla ba, kuma sau da yawa mutum yakan miƙe zai biya a ce masa an riga an biya. Wurin da yake yin wannan aiki duka kafin rana ta take, ai ya wuce a kira shi wurin shan shayi kawai.

Sai ka juya wajen mata, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan sana'a. Mai ƙosai da koko da sassafe, mai waina da miyar taushe, mai tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, kowacce ta san bakin kowa: wanda ba ya son yaji, wanda sai an yi masa gyara, wanda, kamar wani taubashi da na sani, sai ya nemi ƙarin miya sau biyu kafin ya taɓa aljihu. Da ribar waina ake yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, ake zubin adashi, ake sayen littattafan makaranta. Ga kuma mai nono. Allah ya ba Bobi makiyaya mai faɗin sama da hekta 30,000, wadda sunanta ya kai har ofisoshin Minna da Abuja, amma amfaninta na kullum a ƙwaryar kindirmo yake isowa gari. A wannan zamani da ake ta ƙoƙarin shiga tsakanin manomi da makiyayi, matar da take dama wa manomi fura kowace rana, ta san sunan 'ya'yansa ya san na nata, tana yin aikin sulhun da taron manya a ɗakin taro ba ya iya yi. Wuya ne ka yarda da mugun zance a kan mutanen da kake shan furarsu tun kana yaro.

Yanzu bari in ba ka labarin ƙasar da kake sha'awa. Abinci akwai shi, tsafta akwai ta, ba a musu. Amma a gidajen abinci da yawa allo za ka latsa ka zaɓi abin da kake so, ka biya da kati, a kira lamba, ka ɗauka ka ci ka tashi, ba a tambayi lafiyar iyalinka ba. Wasu ma ba sa fitowa, ɗan babur ne yake kai musu har ƙofa. Gidajen shaƙatawa na unguwa da suka gada suna taruwa a ciki, shekara da shekaru ke nan suna ta rufewa. Abin ya kai a watan Janairun 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista, Tracey Crouch, aka ɗora mata kula da matsalar kaɗaici, Japan ma ta bi sahu a 2021. A 2017 aka fara wani shiri a garin Oldham, inda ake ware teburi guda a gidan shayi a kafa masa alama cewa duk wanda ya zauna a nan ya yarda a yi hira da shi. Ka ji fa! Abin da kai kake yi kyauta tun asuba har sai mai shayi ya kore ka, shi ne a nan sai an kafa masa ƙungiya. Tun 1989 wani masanin zamantakewa na Amurka, Ray Oldenburg, ya rubuta littafi a kan cewa al'umma ba ta zama lafiya sai tana da wuri na uku bayan gida da wurin aiki, inda ake haɗuwa ba da gayyata ba. Ku kuna da shi a kowace kusurwa.

Wata hujjar ita ce, duk inda Bahaushe ya je a duniya, da wannan benci yake tafiya. A Ankara ta Gana da kokon Hausawa ake karyawa, a zangunan Kumasi tuwo da shinkafa da wake sun zama abincin kowa. Tsire ya mamaye Legas da Kamaru, ya kai Sudan ta hanyar mahajjatan ƙasa da suka zauna a can. A nan Landan ma, a unguwar Peckham inda 'yan Najeriya suka yi yawa, ƙamshin yajin tsire ne yake tara mutane, kuma baƙon da ya sauka yau a irin waɗannan wurare yake samun labarin ɗaki da na aiki. Da abin raini ne, da ba a ɗauke shi an ƙetare teku da shi ba.

Na san abin da za ka ce, domin bakinka ba ya mutuwa sai da loma a ciki. Za ka ce ƙuda da ƙura da kofin da ake ɗaurayewa a ruwa guda. Wannan gaskiya ce, kuma annobar amai da gudawa ta 2021 da ta yi ɓarna a jihohin Arewa ta isa gargaɗi. Amma maganinta murfi ne da ruwa mai tsafta da sabulu da buta a gefen benci, ba rushe rumfa ba. Za ka ce majalisa ce ta gulma da zaman kashe wando. Akwai masu yin haka, sai dai mai gulma ko a ɗakin gilashi ka sa shi zai yi, kuma a benci akwai dattijon da zai ce masa ya isa. Za ka ce mata ba sa zama a can. Haka ne, amma su ma suna da tasu mahaɗar, a tsakar gidan mai waina da wurin mai ɗanwake, inda labari yake gudu fiye da naku. Za ka ce bashi yana karya masu sana'a. Wannan kam da kai ake, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa, naka dai ya fi na kowa tsawo. Amma ka tuna farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci: wanda mai abinci ya san fuskarsa ya ci ya biya daga baya, na'ura kuwa ba ta san uban kowa ba. Laifin yana ga wanda ya samu ya ƙi biya, ba ga mai yarda ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Mun san yadda 'yan bindiga suka addabi yankin Mariga da maƙwabtansa, har hirar dare ta ragu, mai tsire yana kashe wuta da wuri. Wannan rashi ne babba, domin garin da mutanensa suke haɗuwa kullum shi ne yake saurin gane baƙuwar fuska, yake saurin jin wanda bai kwana gida ba. Duk teburin da aka naɗe, ido guda ne na gari ya rufe. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Saboda haka, taubashi, in Allah ya hore maka ka gina gidan abincinka, ban hana ka ba, har gudummawa zan aiko. Amma ka sa dogon benci a ƙofa, ka bar rediyo a kunne, ka san sunan masu shigowa, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kafin nan, kuɗin sharar da ke tsakaninmu na cika-cikin bana, a kai su wurin mai shayi a rage bashinka, abin da ya saura a saya wa almajirai burodi. Ka gaishe da Gwaggo da kyau, ka gaishe da 'yan benci baki ɗaya, kuma ka riƙa biyan mai tuwo a kan lokaci, domin ita ce take riƙe da ku.

Wassalam.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Landan.